Gudun Hijirar Sauron Madam

Duk sanda na ce wa yaran yanzu sana'ata kiwon sauro ce, sai sun gama dariya sannan su tambaye ni ko da gaske nake. Jiya ma a teburin mai shayi na bakin Titin Koudoukou wani ya ce, "Baba Ɗanladi, ai sauro shi yake kiwon kansa. Ajiye gwangwani da ruwa a bayan ɗaki, ka dawo bayan sati ka kwashi garke." To, ku gyara zama. Sauron da ke cizonku ba ya mutuwa ko roƙonsa kuka yi. Amma ranar da ka sa shi a keji, ka ce kana so ya rayu ya haihu, ranar za ka san ba a yi halitta mai saurin mutuwa irinsa ba. Iska ta bushe, ya mutu. Ruwa ya yi gishiri, ya mutu. Wani ya shigo da turare a riga, ya mutu.

Aikin da na fara yi a labo wankin faranti ne. Labo ɗin wani ƙaramin ɗakin bincike ne a can cikin gari wajen kogi, ɗakuna uku da rumfar zomaye. Mahaifina yana da shagon yadi a nan Sankilo, ya so in zauna masa, ni kuwa lissafin yadi ba ya shiga kaina, sai wani abokinsa ya kai ni can. Wanda aka damƙa ni a hannunsa Baba Gaston ne, wani dattijo ɗan unguwar Miskine, ba ya jin Hausa, da yaren Sango muke magana. Ranar farko na kawo sabulu zan wanke farantan da ake renon tsutsar sauro a ciki, ya fizge ya jefa ta taga. Ya ce, "Molenge, sabulu na jikinka ne. Nan ruwan zafi da tafin hannu." Molenge yake ce mini, wato yaro, har na yi furfura bai canja ba.

Daga wanki ya koya mini zuƙa. Akwai wani tiyo mai gilashi a baki, ka sa gefe ɗaya a bakinka, ka kai ɗayan kusa da sauro, ka ja numfashi a hankali, sai ya faɗa cikin gilashin. Tsakanin gilashi da tiyo akwai ɗan ƙyallen raga da ke tare shi. Baba Gaston bai gaya mini a duba ragar kafin a zuƙa ba, ya bar ni na gano da kaina. Ya tsaya yana kallona ina tari, hawaye na zuba, sannan ya tambaye ni, "Mace ce ko namiji?" Na ce ban sani ba. Ya ce to sai na koyi bambancewa, don mata ake ƙirgawa.

Kejinmu katako ne da yadin gidan sauro, da wani dogon hannun riga da ake zura hannu ta ciki a ƙulle. A gidajen mutane ana kafa gidan sauro don kar ya shiga, mu namu don kar ya fita ne. A kan kowane keji ana shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul, saboda sauro ɗan mitsitsi ne, ruwan jikinsa bai kai ɗigon hawaye ba, in iska ta bushe sai ta tsotse shi yana tsaye. Ana sa auduga da ruwan sukari, shi ne tuwonsu, maza da mata. Jini na mata ne kawai, don su yi ƙwai. Shi ya sa muke da zomaye: a aske wa zomo ciki, a kwantar da shi a kan raga, matan su sha.

Ɗanɗanon ruwa shi ne abin da na fi daɗewa ban iya ba. Tsutsar sauro a ruwa take rayuwa, jikinta ya fi ruwan gishiri, don haka ruwa kullum shiga jikinta yake yi, gishirinta kuma yana zurarewa. Ba ta da aiki sai kwarfe ruwa da tsintar gishiri. A wutsiyarta akwai wasu 'yan ganye huɗu, da su take tsinto gishirin da harshenka ba zai ma ji ba. In ruwa ya yi salam, ta wahala. In ya yi zartsi, ruwan jikinta ya tsere, ta yamushe. Baba Gaston yakan tsoma yatsa a faranti ya lasa, ya ce, "Ingo ya yi yawa," wato gishiri. Ni in lasa in ji ruwa kawai. Sai da na shekara kafin harshena ya buɗe.

Mai aikin gaba ɗaya Madam ce, Dokta Odile, 'yar ƙasar nan da ta yi karatu a waje ta dawo. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, Musye Ɗanladi take ce mini tun ina wankin faranti. Ita ce babbar mai cinikinmu. Akwai wasu ma: ɗaliban jami'a da ke zuwa neman tsutsa a kwalba, da masu gwada maganin feshi, waɗanda sukan karɓi sauron da na rena kamar ɗa, su kashe shi kafin azahar. Amma Madam abin da take bincike shi ne fitsarin sauro.

E, yana yi. Ku sa ido wata rana. Macen sauro tana shan jinin da ya fi nauyinta, kuma jinin mutum rabinsa ruwa ne da gishiri. In ta riƙe shi duka ba za ta iya tashi ba, tafin hannunka zai same ta. To tun bakinta na cikin fatarka take fara zubar da ruwan ta baya, ɗigo-ɗigo, ta bar mai kaurin a ciki. Abin da ke mata wannan aiki wasu zarurruka ne guda biyar a cikinta, su ne ƙodarta. Madam ta ce ba ruwan suke turawa ba, gishiri suke turawa, ruwa ya bi shi a baya. Da farko su fitar da irin gishirinmu na miya, daga baya in jinin ya narke su fitar da wani ɗan'uwansa, irin wanda ke cikin toka. Burinta ta gano abin da ke buɗe wannan famfo da abin da ke rufe shi, don in an iya toshe shi, sauro ya sha jini ya kasa tashi.

Aikina a nan shi ne in kawo mata mace mai lafiya, in haɗa ruwan gishirin da take sa zaren a ciki. Ita kuma ta zauna gaban madubin ƙara girma da allurai biyu, ta zaro zare ɗaya wanda bai kai gashin gira kauri ba, ta sa shi a ɗigon ruwan a ƙarƙashin wani farin mai, ta ja bakinsa waje. Sai ka ga wani ɗan ɗigo yana tsirowa a bakin zaren, yana girma. Zaren ba ya jikin sauro, amma bai san an kore shi daga aiki ba. In ya yi kyau sai ta kira mu, "Ku zo ku gani, ku zo ku gani!" Mu manyan mutane uku mu yi layi muna kallon fitsari.

Da na je neman auren Hajara, kawunta ya tambayi sana'ata, na ce ina aiki da likitoci. Ban yi ƙarya ba. Bayan biki ta ji sauran bayanin, ta ce, "Malam, ashe duk cizon da nake sha tun ina yarinya, naku ne?"

Shekarar wahala ita ce ta boren sojoji. Sun yi na farko, aka lallaba, suka yi na biyu, aka lallaba. Na ukun ne ya daɗe, ya faɗo cikin rani. Gari ya rabu, kowane ɓangare da shingensa. Madam gidanta yana can ɓangaren da masu bore suka riƙe, ba fita. Wuta ta ɗauke a labo, famfo ya ƙafe. Wata safiya da harbi ya lafa muka haɗu da Baba Gaston a can, muka tarar an fara ɓalle ƙofofin ofisoshin da ke kusa. Irin sauronmu ba a iya adana ƙwansa, in ya bushe ya mutu. Dole uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, ba yankewa. Kuma wannan zuriyar Madam ta yi shekaru tana aiki da ita, duk awon da ta yi a kanta ta yi. Baba Gaston ya ce gidansa ɗaki ɗaya ne da jikoki. Ya dube ni. Na dubi keji.

Na samo pusu, amalanken turawa, na ɗora keji biyu, da farantai, da kwalaben tsutsa, da zomo ɗaya a kwando, na lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. A shingen da ke kafin a shigo Koudoukou wani soja ya tare ni, idonsa ja, bindiga a kafaɗa.

"So nyen?" Mene ne wannan?

Na ce, "Ngungu, shef." Sauro.

Ya kira abokinsa ya zo ya ji. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce mutane na gudu da talabijin da katifa, ni ina gudu da sauro, ko dai na raina shi ne, ko harsashi na ɓoye. Ya yaye zanen, ya ga raga, ya ga hannun riga a ƙulle. Na ce, "Shef, kar ka kwance." Da ma ban faɗa ba. Ya kwance, ya zura hannu har gwiwa yana lalube. Matan nan kwana biyu ba su ga zomo ba. Na ga hannunsa ya yi baƙi kamar an yayyafa masa barkono. Ya zaro da ihu, ni kuma na yi tsalle na damƙe bakin hannun rigar kafin su biyo shi. Abokinsa ya zauna a ƙasa don dariya. Shi ya ce in wuce, ya ce mahaukaci ba ya biyan kuɗin shinge.

Hajara tana tsakar gida tana tankaɗe na shigo. Ta dubi pusu, ta dube ni.

"Malam, mene ne?"

"Baƙi ne. Ba za su daɗe ba."

Ta ɗaga zanen, ta saurara, ta ji kukansu. Ta sauke zanen a hankali. "Mutane na kawo shinkafa. Wallahi ko guda ya fito, kai da su za ku kwana a titi." Ta ba ni ɗakin ajiyar gawayi, ta ce iyakarsu ke nan.

Ruwa ne ya fara ba ni wuya. A labo ruwan sama muke tarawa. A gida ba sama, ba famfo, sai rijiyar tsakar gida, ita kuwa da na lasa na ji zartsi. Na taho da jarka ɗaya ta ruwan labo, sai na riƙa surkawa: yau kaɗan na rijiya, gobe in ƙara. Wasu tsutsotsin suka mutu, na kwashe da cokali. Waɗanda suka rage suka saba, 'ya'yansu kuma a ruwan rijiya zalla suka tashi, 'yan Sankilo sosai.

Zomo kuwa bai kai ƙarshen bore ba. Shanu sun daina shigowa, kasuwa ta bushe, yara sun gaji da gozo, tuwon rogo, ba miya. Garba mahauci, maƙwabcinmu, kullum sai ya leƙo ya tambayi lafiyar zomo. Wata rana Hajara ta ce, "Malam, ko 'ya'yanka ko 'ya'yan Madam." Garba ya zo da wuƙarsa. Ba zan ɓoye muku ba, miyar ta yi daɗi. Daga ranar na zama zomo. Nakan sha ƙwayar kinin don kar jinina ya ɗauki cuta in ba su, in naɗe hannun riga, in ɗora dantse a kan raga, in kama tasbihi da ɗaya hannun.

A irin wannan lokaci magana ba ta zama wuri ɗaya. Aka fara cewa Ɗanladi na kiwon sauron Turawa. Wasu suka ce na masu bore ne, za a saki a kan unguwa. Sai 'yar Garba ta kwanta da zazzaɓi mai zafi. Bayan la'asar na ji hayaniya a ƙofar gida, na fito na ga mutane, Garba a gaba da kwalbar kananzir. Ba wasa a fuskarsa.

"Ɗanladi, fito da su. Ko ka fito da su ko mu shiga."

Liman na masallacinmu ya biyo su, yana dogara sanda. Ya ce a dakata. Ya ce, "Ɗanladi, gaya mana gaskiya, naka ne suka ciji yarinyar?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, nawa ba su taɓa fita ba. Kuma sauro ba a haifarsa da zazzaɓi, sai ya ciji mai ciwo yake ɗauka. Waɗannan tun kakanninsu ba su san jinin kowa ba sai na zomo da nawa, da na wani soja. Na cikin kwatar bayan gidajenmu su ne masu laifi. Ku zo ku ga ƙullin da idonku."

Na fito da keji tsakar gida. Liman ya zagaya shi, ya taɓa raga, ya ja ƙulli. Na ɗora hannuna, suka taso suka sauka. Na miƙa masa gilashin ƙara girma da na taho da shi daga labo, na ce ya dubi wutsiyar waccan. Ya sunkuya, ya kafa ido. Can ya ce, "La ilaha illallah. Tana sha tana zubarwa!" Na yi masa bayanin zarurruka biyar da gishiri. Ya ce, "Subhanallah, a cikin wannan ɗan abin?" Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce to Malam, in haka ne, duk wanda sauro ya ciza a sahu an yi masa fitsari, ina matsayin sallarsa? Nan fa gardama ta tashi. Wani ya ce najasa ce, wani ya ce jininka ne aka mayar maka. Liman ya ce abin da bai kai faɗin dirhami ba an yafe shi, wannan kuwa ko idon allura bai cika ba, kowa ya riƙe alwalarsa. Mutane suka yi layi, kowa sai ya gani. Garba ne na ƙarshe. Ya ajiye kwalbar a ƙasa don ya riƙe gilashin da kyau. Hajara ta fito da sauran kinin ɗina ta ba matarsa, daga baya yarinyar ta tashi. Washegari samarin layinmu suka cike kwatar da ƙasa.

Sukari ya ƙare bayan nan. Na ce bari in leƙa Miskine wurin Baba Gaston, ko yana da saura, ko ya ji labarin Madam. Ina isa harbi ya ɓarke, irin wanda ba mu taɓa ji ba, aka rufe hanya. Na maƙale a ɗakinsa, ni da shi da jikoki a ƙarƙashin gado, kwana da kwanaki. Matarsa takan shimfiɗa mini buhu a lungu in yi salla. Baba Gaston ya ce, "Molenge, ka yi iya yinka. Tawul ya bushe tun jiya." Na san gaskiya ya faɗa. Ga tsutsotsin da na bari a faranti, in suka girma ba a kwashe su cikin keji ba, a sarari za su tashi, su cika gida.

Da hanya ta buɗe na dawo, ban ko cire takalmi ba na nufi ɗakin gawayi. Tawul a jiƙe. A kan raga an jera yankan gwanda, suna ta sha. Farantai an rufe su da tsohon mayafi, waɗanda suka isa tashi an kwashe su a ƙoƙo an sa cikin keji, ludayin miya na gefe. A ƙasan keji, a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ƙwai ne baƙi ƙirin, sababbi. Ƙwai ba ya samuwa sai da jini.

Na fito. Hajara tana wanke-wanke, ta ja mayafi ta rufe hannunta na hagu har yatsu.

"Sannu da gida."

"Sannu da zuwa, Malam. Ga ruwa can."

"Mu ga hannun."

"Ba abin da ya sami hannuna." Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Kuka suke yi, sun hana ni sakat. Kuma in ka gaya wa matar Garba, ban yafe ba."

Da aka yi sulhu, sojoji suka koma bariki, na je labo. Ba ƙofa, ba taga, ba teburi, har wayar wuta an zare daga bango. Madam na zaune a kan bulo a tsakiyar ɗaki, ta rame, jakarta a cinya. Baba Gaston na share gilasai. Ta ce, "Musye Ɗanladi, ka ga aikinmu." Na ce ba duka ba, ta biyo ni Sankilo.

Ta tsaya a ƙofar ɗakin gawayi tana kallon kejin. Sannan ta buɗe jaka, ta fito da ƙaramin madubinta na ƙara girma, wanda ta gudu da shi ta bar kayan sawarta. Ta ɗebo tsutsa ɗaya ta duba a hasken tsakar gida. Ta sake ɗebo wata. Fuskarta ta canja.

"Wane ruwa ka ba su?"

Na ce na rijiya, ba yadda zan yi, na fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga mini hannu. Ta ce ganyen wutsiyarsu sun gajarce, saboda ruwan da gishirinsa, ba sa buƙatar dogon hannu su tsinto. Ta taɓa karantawa, ba ta taɓa gani a nata ba. Ta tambaya ko duk rijiyoyin unguwar haka suke. Na ce ta gidan Liman ta fi daɗi, ta gidan Garba ta fi zartsi, ta unguwar Yakité kuma daban. Ta ce tana son kwalba daga kowace. Wannan shi ya zama aikinmu na shekarun da suka biyo, kafin a samu kayan da za a koma ga fitsari, ni ne har Yakité da pusu ina roƙon ruwa gida-gida.

Amma ranar, kafin ta tafi, ta tuɓe takalmi ta je bakin rijiyarmu da kanta, ta karɓi guga a hannun Hajara. Ta ga tabon da ke hannun, ta dubi Hajara, ta riƙe hannun da nata biyu ta ce, "Singila, ita." Na gode, 'yar'uwa. Ta ce me za ta yi mata?

Hajara ta ce, "Madam, ki kwashi kayanki yau, kafin magariba." Ta juya za ta shiga ɗaki, sai ta tsaya. "Na kejin hagu ba sa son gwandar da ta nuna da yawa. Ki gaya wa mai ba su."